Buhun PICS a ajiyar wake: yadda yake aiki, yadda ake ɗaure shi, da inda yake gazawa

Duk wanda ya san kasuwar hatsi a ƙasar Katsina, daga Mai'aduwa zuwa Mashi har Charanci, ya san tafiyar farashin wake. Da kaka ya faɗi domin kowa ya fito da nasa, da bazara ya fara ɗagawa, lokacin shuka kuwa sai mai hali. Manomi ya fi kowa sanin haka, amma yana sayarwa da kaka. Wani bashi ne ya matsa masa, wani hidimar biki, amma da yawa tsoron ƙwaro ne kawai. Waken da aka zuba a buhun leda na yau da kullum ba tare da an sa masa komai ba, kafin wata 3 ko 4 za ka iske shi da huda, da gari a ƙasan buhu, da ɗumi in ka cusa hannu. Wannan tsoron ne ya kai mutane ga fiya-fiya da ƙwayar fostoksin wadda wasu ke kira bam. Buhun PICS, wato buhun ajiyar hatsi mai hawa 3 wanda ke hana iska shiga, an yi shi ne domin a huta da su. Ra'ayina tun daga farko shi ne buhun yana yin aikin da aka ce yana yi, kuma ya cancanci kuɗinsa, amma fa ba ya yafe sakaci ko kaɗan.

Kafin a zo ga buhun sai a san abokin gaba. Ƙwaron wake ba a rumbu yake fara shiga ba. Tun waken yana gona uwar take ɗora ƙwai a jikin ɓawon da ya fara bushewa, shi ya sa waken da aka cashe jiya, mai kyan gani, yake zuwa gida da ɓarnarsa a ciki. Farin ɗigon nan da ake gani manne a jikin ƙwayar wake shi ne ƙwan. In ya ƙyanƙyashe, tsutsar ba ta fitowa waje, sai ta huda ta ƙarƙashin ƙwan ta shige cikin ƙwayar, ta ci ta girma a can, ta rikiɗa, sannan ta yanke wata 'yar ƙofa zagayayya ta fito da fukafukai. Hudar da ake gani ƙofar fita ce, an riga an gama cin abin da za a ci. A zafi irin namu, daga ƙwai zuwa ƙwaro mai tashi mako 3 zuwa 4 ne, mace guda kuma tana iya yin ƙwai har kusan 100. Mai iya lissafi ya dubi abin da zai faru a wata 6. Wannan ne ma ya sa maganin da ake barbaɗawa a waje bai cika isa ba: mai ɓarnar tana ɓoye cikin ƙwaya, magani yana bisa fata, sai mai kaya ya ga bai yi ba ya ƙara zubawa.

Shi kuwa buhun, hawa 3 ne. Na waje buhu ne saƙaƙƙe irin wanda muka saba da shi, aikinsa ɗaukar nauyi da kare na ciki. A ciki akwai leda 2, kowace kaurinta maikiron 80, wato kashi 8 cikin 100 na milimita guda, an yi su da roba mai tauri wadda iska ba ta ratsawa sai kaɗan ƙwarai. Akwai mai cin kilo 100, kimanin tiya 40, akwai mai cin kilo 50. Babu magani ko ɗigo a jikinsa. Wasu suna zaton an shafa wa ledar wani sinadari ne, ba haka ba ne.

Asalinsa bincike ne da masana na Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Larry Murdock, suka fara tare da takwarorinsu na Kamaru a yankin Marwa a ƙarshen shekarun 1980. Sun gwada hanyoyi da dama, har da toka da gasa wake da zafin rana, leda uku-uku tana cikinsu. A 2007 Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da kuɗin yaɗa shi a ƙasashe 10 na Yammaci da Tsakiyar Afirka, Najeriya da Nijar suna ciki, aka kai shi ƙauyuka sama da 30,000. Kamfanin Lela Agro da ke Kano shi ne ya shahara da ƙera shi a nan ƙasar. Wani ɓangare mai yawa na gwaje-gwajen da suka biyo baya a Maraɗi aka yi shi, nan maƙwabtanmu, da wake irin namu da yanayi irin namu. Wannan yana da muhimmanci a wurina, domin abin da aka gwada a ƙasar sanyi ba lalle ya yi a zafin Afrilu na Daura ba.

Yadda yake kashe ƙwaro abin a tsaya a fahimta ne, domin wanda ya gane shi ba zai yi kuskuren ɗauri ba. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne. In aka cika leda da wake aka ɗaure, iskar da ta rage ita ce 'yar wadda ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya. Ƙwarin da tsutsotsin da ke ciki suna numfashi, suna cinye oksijin suna fitar da iskar kabon, sabuwa kuma ba ta shiga. Cikin kwanaki ko 'yan makonni oksijin yakan sauko ƙasa da kashi 5. A nan tsutsa take daina ci, girma ya tsaya, haihuwa ta tsaya. Da farko an ɗauka shaƙewa ce kaɗai take kashe su. Binciken da Murdock da abokan aikinsa suka wallafa a 2012 ya nuna akwai wani abu kuma: tsutsar da ke cikin busasshen wake ba ta da ruwan sha, jikinta ne yake samar da yawancin ruwan da take buƙata ta hanyar ƙona abinci da oksijin. Da oksijin ya yi ƙasa sai ruwan ya yanke, ta bushe ta mutu. Saboda haka ƙwarin da kansu ne suke jawo ajalinsu, kuma waken da ya fi ƙwari iskarsa ta fi saurin ƙarewa. Kada wannan ya sa wani ya jira sai wake ya huje kafin ya zuba, domin buhun yana tsayar da ɓarna ne a inda ya same ta, ba ya mayar da hudajjen wake lafiyayye.

Abu na farko da ke kayar da mutane shi ne danshi. Wake ko masarar da za a rufe ruf, danshinta kada ya wuce kashi 13 cikin 100. Waken da aka cire bayan ɗaukewar ruwa, iskar hunturu ta buga shi, da wuya ya ba da matsala a arewacin jiha. Haɗarin yana ga wake ɗan wuri da ake cirewa ana cikin ruwa, da masarar yankin Funtuwa da Bakori da Ɗandume wadda ake karyawa sama ba ta gama washewa ba. Hatsi mai danshi in aka rufe shi, sai ya yi gumi a jikin ledar, ya yi tsami, ya canza launi, in iri ne kuma ya mutu. Wanda ba shi da na'urar auna danshi yana da gwaji 2. Na farko cizo: busasshiyar ƙwaya tana fashewa ƙas a haƙori, mai danshi tana lotsewa. Na biyu gishiri: a sami busasshiyar kwalba, a zuba hatsi zuwa kashi ɗaya cikin uku nata, a ƙara cokali 2 ko 3 na gishirin da aka shanya ya bushe sarai, a rufe, a girgiza na minti guda, a bari minti 15, a sake girgizawa. In gishiri ya manne a jikin kwalba, danshi ya kai wajen kashi 15 ko fiye, a mayar da kaya shanya. Gwajin gishiri yana kama mai danshi sosai ne kawai, don haka ko ya tsallake, ƙarin yini guda a rana ba asara ba ne. Kuma kada a kwaso daga rana a zuba kai tsaye. A bar shi a inuwa ya huce, in ba haka ba tururinsa zai taru ya zama ruwa a cikin leda.

Sai tsabta. A sheƙe, a tsince tsakuwa da kara da guntun ɓawo. Masu sayen wake suna son haka, amma dalilin a nan daban ne: tsinke guda mai kaifi ya isa ya huda ledar ciki sa'ad da nauyin kilo 100 ya danne shi.

Kafin a zuba ko tiya ɗaya, a duba kowace leda ita kaɗai. A buɗe ta a kaɗa ta ɗebi iska, a murɗe bakin, a danna da hannu a saurara, a kuma bi liƙin gindinta da ido daga wannan kusurwa zuwa waccan, domin a nan aka fi samun aibin masana'anta. Ɗaga ta a hasken rana ma yana nuna ƙananan huji. Sabuwa ce ko tsohuwa, duk ɗaya ne, a duba. In an gamsu, a sa ta farko cikin ta biyu, a sa su biyun cikin buhun waje, a zuba tiya 2 ko 3 domin gindin ya zauna daidai ba tare da leda ta naɗe ba. A lanƙwasa bakunan uku waje, a ci gaba da zubawa ana ɗan jijjigawa domin ƙwaya ta zauna ta kori iska. Kada a cika har baki. A bar abin da bai gaza taƙi guda da rabi ba, in ba haka ba babu abin murɗawa. Daga nan a kama ledar ciki kaɗai, a tattaro bakinta, a danna daga saman hatsin a fitar da iska gwargwadon iyawa, a murɗa sosai, a lanƙwasa murɗin ya koma kansa, a ɗaure da igiya mai laushi ko robar tsohon tiyub. Sai ta biyu, ita ma haka, ita kaɗai. Sai buhun waje. Ɗauri 3 daban-daban. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a haɗa bakunan uku a ɗaure wuri guda don sauri. Yin haka yana barin hanyoyin iska a tsakanin naɗe-naɗen, ya kuma zubar da hikimar leda ta biyu, wadda aka sa domin in ta ciki ta sami rauni a sami mai tarewa. Waya da igiyar da ke yanka ma a guje su.

Wurin ajiya kuma, a ɗora a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango, kada rana ta riƙa dukansa domin tana cinye roba. A share kewaye. Ɓera bai cika damun waɗannan buhunan ba kamar sauran, domin ƙanshin hatsi ba ya fita sosai, amma in aka bar zubabben hatsi a gindinsu ko aka jingina su da buhunan da ba a rufe ba, zai zo, haƙorinsa kuma bai san maikiron 80 ba. A rubuta ranar ɗauri a jiki. Shawarata kada a buɗe kafin wata 2. Duk buɗewa sabuwar iska ce, in akwai sauran masu rai sun sami numfashi ke nan. Gidan da ke ɗiba kullum don girki ya ware na wata guda a wani mazubi, ko ya sayi ƙananan buhuna maimakon babba ɗaya.

To, ina aibinsa? Akwai, kuma ba ƙanana ba ne.

Buhun ajiya ne, bai dace da hanya ba. 'Yan dako suna jifa, suna ja a ƙasa, wasu da ƙugiya suke ɗagawa, motar kuma ba ta rasa ƙusa. Sannan dillalan hatsi ba sa saye sai sun soka ƙarfen nan mai kogo sun ga abin da ke ciki, suka guda kuma ya gama da leda biyu. Wanda zai kai kasuwa sai ya juye a buhun yau da kullum, ya naɗe nasa ya adana. Wannan ƙarin aiki ne da ƙarin kuɗin buhu, musamman ga manyan 'yan kasuwa masu ɗaruruwan buhuna. Na biyu, kuɗinsa ya ninka na buhun da aka saba, kuma da kaka ake buƙatarsa, lokacin da aljihun manomi bai cika ba tukuna. Farashin yana bin tsadar roba da canjin dala, don haka hanyar da ta fi ita ce ka tambayi kuɗinsa yau, ka mayar da shi tiyar wake, ka raba 3, domin in an kula da shi yana yin kaka 3. Sai ka tuna cewa asarar kashi 10 cikin 100 kawai a buhu guda tiya 4 ce, ban da ragin da mai saye zai yi maka in ya ga huda. A wake lissafin yana fita sarai. A gero da dawa, waɗanda ba su kai wake tsada ba kuma suna daɗewa a rumbu in an bar su a dami, ribar ba ta kai haka ba. Na uku, samuwa. A cikin Katsina da Daura da Funtuwa ana iya samu wurin masu kayan noma, amma a ƙauye sau da yawa sai an yi tafiya, ga jabu a kasuwa. Jabun ledarsa sirara ce, in ka ja da yatsa tana miƙewa ta yi fari, wata ma leda ɗaya ce kawai a ciki. A duba tambarin PICS, a ƙirga leda, a taɓa kauri, in ana shakka a tambayi malamin gona na KTARDA, hukumar raya aikin gona da karkara ta Jihar Katsina, inda ake samun na gaske.

Ƙwaron wake da kansa wani lokaci yakan huda ledar ciki, musamman wanda ya fito daga ƙwayar da ke manne da jikin leda. In hujin kaɗan ne a liƙe da salatif mai ƙarfi ciki da waje, a mayar da ita ta zama ta biyu. In ya yi yawa a sauya. Masu masara kuma su sani akwai wani ƙwaro mai huda har katako, shi ma yana iya ratsa leda. Game da afulatoksin, gubar nan mai lalata hanta da fumfuna ke haifarwa a gyaɗa da masara, buhun yana hana ta ƙaruwa in kayan sun bushe, amma ba ya cire wadda ta riga ta shiga tun daga gona.

Duk da waɗannan, in aka ɗora shi a sikeli da magungunan da ya zo ya maye gurbinsu, ba a ma haɗa su. Fiya-fiya da Sniper sinadarinsu ɗaya ne, dikulobos, kuma ba don a zuba cikin abinci aka yi shi ba. Yana toshe wani sinadarin jiki da ke kashe saƙon jijiya bayan ya isa, sai jijiyoyi su yi ta aiki ba tsayawa: dalalar miyau, gumi, amai, zawo, ƙanƙancewar ƙwayar ido, sarƙewar numfashi. Wanda ya nuna waɗannan alamu bayan cin wake ko aikin feshi, asibiti za a kai shi nan take, akwai allurar atirofin da ake yi. Manja da madara ba sa karya wannan guba, ɗura su ma yana iya sa abin ya faɗa huhu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda wannan sinadari. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kilo guda, aka riƙa samun daga 0.03 har zuwa 4.6. Waken da Turawa suka ƙi, irinsa ne ake yi wa yaranmu ƙosai da alala da shi, kuma mu ne ƙasar da ta fi kowace noman wake a duniya. Ita kuwa ƙwayar fostoksin, kowace mai giram 3 tana sakin giram 1 na iskar fosfin in ta sha danshi. Aikin ƙwararru ce a rumbun da aka toshe ruf, nesa da mutane. A buhun da iska ke ratsawa, gubar tana fita ta cika ɗaki, ƙwarin ba su mutu duka ba, masu kwana kusa kuma suna shaƙa. Fosfin ba ta da makari. Ajiye buhun da aka sa wa wannan ƙwaya a ɗakin kwana ko kusa da shi ganganci ne da rai. Kuma kada a haɗa biyu, wato a sayi PICS a kuma jefa ƙwaya ciki don ƙarin tabbaci. Buhun ba ya buƙata, an kuma dawo da abin da aka gudu.

Ta fuskar muhalli yana rage kwalaben magani da ake yarwa a bola da bakin rijiya, amma shi ma roba ne. Ledar da ta gama aiki tana yin shimfiɗar shanya ko rufin kaya. Kada a ƙona ta, kada a bar ta inda akuya za ta ci.

Duro da jarka ma da wannan hikimar suke aiki, in murfinsu yana da roba kuma an cika su har wuya. Jarka mai lita 25 tana cin kusan kilo 20 na wake, wajen tiya 8, ta kuma fi dacewa da mai ajiye iri ko uwargida mai ɗiba kaɗan-kaɗan. Duro ɓera ba ya huda shi kuma yana shekaru, sai dai tsada, da rashin sanin abin da aka taɓa zubawa a ciki, kuma in rabi aka cika iskar da ta rage ta yi yawa. Buhu ya fi su a nan, domin ana ɗaure shi daidai inda kaya suka tsaya. Wani abin lura ga masu shuka sabon irin nan SAMPEA 20-T da cibiyar bincike ta Samaru ta fitar a 2019: tsutsar da ke cin fure da ɓawo a gona yake jure wa, ƙwaron ajiya yana cinsa kamar kowane wake.

Abin da ya fi burge ni a tarihin wannan buhu shi ne yadda aka gabatar da shi. Ba a ce wa mutane su yarda don masana sun faɗa ba. A kowane ƙauye an sa manoma sun kawo wakensu, an ɗaure a gaban jama'a, bayan watanni aka taru aka buɗe kowa ya gani. Mai shakka yau ma zai iya yin haka a gidansa, kuma ya kamata ya yi. A ɗauki wake daga tari guda, a cakuɗa sosai, a raba biyu, rabi a PICS rabi a buhun da aka saba, ba magani a ko ɗaya. Dole su fito daga tari guda kuma su zauna ɗaki guda, in ba haka ba ba za a san ko buhun ne ya kawo bambanci ko wani abu daban ba. Ranar ɗauri a ɗebi ƙwaya 100 ba tare da zaɓe ba, a ƙirga masu huda da masu farin ɗigo, a rubuta. Bayan wata 4 a buɗe, a ɗebo 100 daga sama, 100 daga tsakiya, 100 daga gindin kowane buhu, a sake ƙirgawa. In iri ne, a jera 100 daga kowane a jiƙaƙƙen buhun algarara, a naɗe a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa, a ƙirga masu tsiro bayan mako guda. In na PICS ya fito da huda fiye da yadda ya shiga, kafin a zargi buhun a cika ledar da iska a nemi inda take zuba, a kuma tuna ko an ɗaure bakunan ɗaya bayan ɗaya.